Bindiga ba sefti? Ni dai ban yarda ba

1/ Masu kallon bidiyon Amurka a TikTok, ku zo mu yi ta. Wai ƙaramar bindiga irin Glock ta fi, don ba ta da seftin hannu, zarowa kawai sai harbi. A'a wallahi.

2/ Hujjarku: cire sefti na cin lokaci. Daƙiƙa nawa? Aikin babban yatsa ne fa. Harsashi kuwa in ya fita, ya fita ke nan.

3/ Can suna saka ta cikin kube mai tauri da ke rufe kunama. Nan fa? Aljihun kaftani, haɗe da makullai, kan acaɓa daga Dutse zuwa Shuwarin. Makulli ɗaya ya saƙale kunama, shi ke nan cinyarka.

4/ AK-47 ta 'yan sanda ma tana da sefti a gefen dama, amma sau nawa muka ji "harbin kuskure" a shingen hanya? Ina ga wadda ba ta da shi?

5/ Kuma a dokar makamai ta 1959, fistol sai da lasisin shugaban ƙasa. To malam, kafin gardamar sefti, ina takardarka?