Fim ɗin zane ba wasan yara kaɗai ba ne

Ƴan uwana ƴan kasuwa, musamman masu sana'ar tura finafinai a waya daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Konni zuwa Illela, maganar yau taku ce. Sau da yawa uba kan zo ya ce a zuba wa yaransa katun, mai shago kuwa ya kwafe duk abin da ya gani da zane ya ba shi. A ganinmu duk fim ɗin zane na yara ne. Wannan kuskure ne, kuma tarihin kyautar Emmy ta Amurka ya isa shaida.

Emmy ita ce babbar lambar yabo da masu harkar talabijin na Amurka ke ba junansu tun 1949. A 1961 ne shirin zane na The Flintstones ya shiga jerin ƴan takarar shirin barkwanci mafi kyau, kafaɗa da kafaɗa da shirye-shiryen da mutane ke fitowa a ciki. Bai ci ba. Daga nan sai da aka shekara 48 kafin wani shirin zane ya sake samun wannan matsayi, wato Family Guy a 2009, shi ma 30 Rock ya kayar da shi.

Shirin The Simpsons na Matt Groening, wanda ya fara fitowa a tashar Fox a Disambar 1989, ya ci Emmy a rukunin zane tun 1990, kuma ya tara fiye da 30 zuwa yau. A 1999 mujallar Time ta ce shi ne shirin talabijin mafi kyau na ƙarni na 20. Amma da masu shirya shi suka kai shi babban rukunin barkwanci a 1993 da 1994, ko jerin ƴan takara bai shiga ba, dole suka koma rumfarsu ta da. Kenan alƙalan ma sun yi irin namu, sun dubi buhu ba su buɗe sun ga hatsi ba. A ra'ayina ba a yi wa shirin adalci ba. Wanda ya rubuta labarin da ya sa manya dariya har suka yi tunani a kan halinsu, aikinsa bai ragu ba don an zana fuskokin da hannu.

Mu ma muna da namu misalin. A 1966 marigayi Mustafa Alasan, ɗan Nijar da ya daɗe a Tawa, ya yi ɗan gajeren fim ɗin zane mai suna Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki cikin bukukuwa da faretin sojoji. Ba yara yake yi wa hannunka-mai-sanda ba, shugabanni ne. Ya rasu a 2015, kuma matasa nawa ne a kasuwanninmu suka san sunansa?

To amma ga inda nauyi ya hau kanmu. Idan an yarda waɗannan shirye-shirye aikin manya ne, sai a yarda cewa ba duka suka dace da yara ba. South Park, wanda ya fara a 1997 kuma ya ci Emmy a 2005 da 2007, cike yake da zagi da batsa da ba'a ga addinai. Family Guy ma haka. A can ƙasarsu akwai alamar shekaru da ke fitowa a gefen allo don gargaɗin iyaye. Nan kuwa katin memori ba ya gargaɗin kowa.

Saboda haka, mai shago, ka duba kayanka kafin ka sayar, kamar yadda mai atamfa ke warware turmi. Ka ware na yara daban, na manya daban, ka gaya wa mai saye gaskiya. Lambar yabo tana nuna gwaninta ne, ba ta ce a ba ɗan shekara 7 ba. Amana ita ce jarin ɗan kasuwa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.