HARAJIN GIDAJE: Abin da mai sayen gida zai koya daga rikicin Ikko

Akwai dubban 'yan Arewa da suka daɗe a Ikko, a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, waɗanda bayan shekara da shekaru suna fatauci suna biyan kuɗin haya, babban burinsu shi ne su mallaki gida na kansu. Idan ciniki ya faɗa, mai saye yakan tambayi kuɗin gida, da la'adar dillali, da kuɗin lauya, sa'an nan ya duba ko akwai rigimar gado ko ta 'yan ƙasa a kan filin. Kaɗan ne ke tambayar nawa gwamnati ta ƙiyasta darajar gidan, ko a wane aji ta sa shi, alhali kuwa a kan waɗannan abubuwa biyu ne za a riƙa yanka masa haraji kowace shekara muddin gidan na hannunsa. Rikicin da aka yi a Jihar Ikko cikin 2018 ya isa ya zama darasi a kan wannan sakaci.

ASALIN RIKICIN

Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidajen jama'a domin sa musu haraji. Cikin 2001, zamanin Gwamna Bola Tinubu, sai Jihar Ikko ta yi dokar da ta haɗa kuɗi iri uku wuri ɗaya, watau harajin gida na ƙaramar hukuma, da kuɗin ƙasa, da kuɗin gyaran unguwa. Shi ne harajin da ke zuwa a takarda da sunan Land Use Charge. Gwamnatin jiha ke karɓa, sa'an nan a raba da ƙananan hukumomi. Daga baya waɗansu jihohin Kudu, kamar Edo da Anambra, sun yi irin tasu dokar.

Cikin watan Fabrairu 2018, Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta soke ta 2001. Hujjar gwamnati ita ce, an shirya a riƙa sake duba harajin duk bayan shekara biyar, amma aka yi fiye da shekara 15 ba a taɓa shi ba, ga shi kuwa darajar filaye ta yi ta hawa, ga kuma ayyukan hanya da magudanan ruwa suna jiran kuɗi. To, amma sabuwar dokar ta taɓa abu biyu a lokaci guda. Ta ɗaga kason da ake yanka har ya kusa ninkawa, ta kuma sa a sake ƙiyasta gidaje bisa farashin kasuwa na lokacin. Da aka haɗa biyun, sai masu gidaje da yawa suka ga takardarsu ta ninka ta bara sau da dama.

Nan da nan ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Ikko suka ce ba su yarda ba. Cikin watan Maris, reshen Ikeja na ƙungiyar lauyoyi, a ƙarƙashin shugabansa Mista Adesina Ogunlana, ya jagoranci zanga-zanga zuwa Alausa, inda ofisoshin gwamnati suke. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta ja da baya. Ta rage kashi 50 cikin ɗari ga gine-ginen kasuwanci, kashi 25 ga masana'antu da gidajen da mai gida ke zaune tare da 'yan haya, da kashi 15 ga gidan da mai shi kaɗai ke ciki. Duk da haka ƙorafi bai kwanta ba, har sai da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya kawo wata dokar cikin 2020. A watan Agusta na shekarar, Kwamishinan Kuɗi Dokta Rabiu Olowo ya ba da sanarwar cewa an mayar da kason haraji yadda yake kafin 2018, an kuma yafe tarar jinkiri ta 2017 da 2018 da 2019.

Sai dai akwai abu ɗaya cikin sanarwar da mutane da yawa ba su lura da shi ba saboda murna. Dokar 2020 ta bar hanyar ƙiyasin darajar gida ta 2018 yadda take. Zanga-zanga ta sauko da kason da ya shafi kowa da kowa, amma darajar da aka rubuta wa gidan wane da na wane tana nan a littafin gwamnati. Idan akwai kuskure a cikinta, ba taron da zai gyara shi, sai mai gidan ya je da kansa da takardunsa.

YADDA AKE LISSAFI

Masu ƙiyasi sukan auna faɗin fili su buga da farashin ƙasa a unguwar, su auna faɗin gini su buga da farashin gini, su rage wani abu saboda tsufan ginin, sa'an nan a cire rangwame. Abin da ya rage shi ake yanka wa haraji, gwargwadon ajin gidan.

Bisa kason da aka sanar a 2020, a kan kowace Naira miliyan ɗaya ta darajar gida, wanda ke zaune a gidansa shi da iyalinsa zai biya Naira 394 a shekara. Wanda ke zaune tare da 'yan haya zai biya Naira 1,320. Gidan da aka ba da haya ɗungum, ko ake kasuwanci a ciki, Naira 3,940. A dokar 2018 kuwa, kafin a yi ragi, kuɗin sun kai Naira 760, da 2,560, da 7,600.

A ɗauki misalin gidan da bayan duk rangwame aka tsayar da darajarsa a kan Naira miliyan 20. Mai shi yana ciki, yana biyan Naira 7,880. Wani ɗan kasuwar Mile 12 ya saya, ya zauna a sama ya zuba 'yan haya a ƙasa, nasa ya zama Naira 26,400. Idan kuwa girma ya kama shi ya koma Kano ko Sakkwato ya bar gidan duka a hannun 'yan haya, sai Naira 78,800, watau ninki goma na abin da mai sayarwa ya nuna masa a rasit ranar ciniki. Ba a ƙara ko bulo ɗaya a ginin ba, ajinsa kawai ya sake. Har ila yau, doka ta ɗauke wa ɗan fansho harajin gidan da yake zaune a ciki. Wanda ya sayi gida daga hannun irin wannan dattijo, aka ce masa gidan nan ba a biyan kome a kansa, to, gaskiya aka gaya masa, amma gaskiyar ta mai sayarwa ce, ranar da ya fita ta bi shi.

YADDA AKE YI A AMURKA

Wannan matsala ba a Ikko kaɗai take ba. A Jihar Teksas ta Amurka, inda gwamnatin jiha ba ta karɓar harajin albashi, makarantu da ƙananan hukumomi sun dogara ƙwarai ga harajin gidaje. Kowace gunduma tana da ofishin ƙiyasi da ke sa wa gida daraja bisa yadda yake ran 1 ga Janairu, ya aika wa mai shi takarda. Wanda bai gamsu ba yana da wa'adi zuwa 15 ga Mayu, ko kwana 30 daga ranar da aka aika takardar, duk wanda ya fi nisa, domin ya shigar da ƙorafi. Akwai kwamitin mutanen gari da ke sauraro. Mai gida yakan je da hotunan inda gini ya tsage, da lissafin kuɗin gyara daga wurin magina, da farashin da aka sayar da gidaje irin nasa a unguwar. A can wannan ya zama aikin shekara-shekara, ba wanda ke ɗaukarsa faɗa da hukuma.

Dokar Teksas ta hana a ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara a kan darajar da ake yanka wa haraji ta gidan da mutum ke zaune a ciki, amma idan gidan ya sake hannu wannan kariya ta faɗi, sabon mai gida zai fara ne daga farashin kasuwa. Haka kuma a Kalifoniya, inda fushin masu gidaje ya sa aka jefa ƙuri'ar raba gardama cikin watan Yuni 1978, aka tsayar da haraji a kan kashi ɗaya cikin ɗari na darajar gida, aka kuma hana ƙiyasi hawa fiye da kashi biyu a shekara. Can ma da zarar an sayar da gida sai a sake ƙiyasi, har akan sami maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, sabon zuwa yana biyan ninkin ba ninkin abin da tsohon zama ke biya.

KAFIN A BIYA KUƊI

Saboda haka abu na farko ga mai niyyar sayen gida a Kudu shi ne ya nemi a nuna masa takardar neman haraji ta ƙarshe tare da rasit na shekarun baya, ya kuma sa lauyansa ya tabbatar da su a ofishin da ke karɓa. Takardar haraji ƙofar gida ake kawo ta, kuma wanda aka tarar a ciki shi ake nema. Idan akwai bashi, gara a cire shi daga kuɗin ciniki a rubuce tun mai sayarwa bai karɓi kuɗinsa ya bar gari ba.

Na biyu, ya duba ajin da aka sa gidan, ya yi lissafi da ajin da zai koma a hannunsa, bisa kason shekarar da ake ciki. Wanda zai sa shago a gaban gida, ko ya mai da ɗakunan baya wurin ajiye kaya, ya san cewa hakan na iya sake masa aji.

Na uku, ya gwada faɗin fili da na gini da ke cikin takardar haraji da abin da ke cikin taswirar safiyo. Kuskuren awo yana maimaita kansa kowace shekara har ranar da aka gyara shi.

Na huɗu, ya kula da wa'adi. Doka ta kafa kotu ta musamman mai jin ƙorafi a kan ƙiyasi da kan ajin gida. Dokar 2018 ta ba da kwana 30 daga ranar da takarda ta iso, tare da sharaɗin a fara ajiye wani kaso na kuɗin da ake gardama a kai. Ɗan kasuwar da ya tafi gida Salla ko biki ya bar takarda a hannun yaron shago, yana iya dawowa ya tarar ƙofa ta rufe. Wanda ya biya da wuri kuwa akan yi masa ragi, har kashi 25 cikin ɗari aka ba da a 2020.

Na biyar, ya kammala mai da takardu cikin sunansa. Dokar Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar Gwamna kafin a mai da mallakar filin birni hannun wani. Mutumin da ya tsaya ga takardar ciniki da shaidar mai unguwa kawai, alhali littafin gwamnati na ɗauke da sunan tsohon mai gida, zai sha wuya ranar da ya je ƙorafi, domin abin da za a fara tambayarsa shi ne, shi wane ne a gidan.

'Yan haya ma kada su ga kamar zancen bai shafe su ba. Abin da aka ƙara wa mai gida yakan biyo ta kuɗin haya, kuma dokar 2018 ta ɗora harajin kai tsaye a kan wanda ya karɓi gini haya na shekara goma ko fiye. Mai karɓar shago ko sito na dogon lokaci ya kamata ya sa a rubuta wanda zai biya.

Shugabannin al'umma da na ƙungiyoyin kasuwa suna da rawar da za su taka a nan. Kamar yadda ake tara kuɗi a ɗauki lauya idan rigimar kasuwa ta taso, haka ya dace a sami wanda ya iya karanta takardar ƙiyasi, ya riƙa dubawa wa jama'a kafin su miƙa kuɗin gida. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma gida nagari a Ikko shi ne wanda mai saye ya san abin da zai biya a kansa baɗi.