Wa Ya Ce Fim Ɗin Mutum-mutumi Shirme Ne?

Ranar Lahadi a majalisarmu ta nan Agege wani dattijo ya ce duk mai kallon finafinan mutum-mutumi ba shi da aikin yi, wai ƙarfe ne kawai ke kukan ƙarya. Na yi shiru don ya girme ni, amma a nan zan ba shi amsa.

Alhaji, ba labarin ƙarfe ba ne, labarin bara ne da ubangidansa. Ita kanta kalmar robot daga wasan kwaikwayon Karel Capek na 1920 ta fito, kuma asalinta a harshen Cek aikin tilas take nufi.

Dubi Blade Runner na 1982. An ƙera wasu masu kama da mutane sak, aka kai su wasu duniyoyi suna bauta, aka ƙayyade musu shekara 4 kacal su mutu. Da suka gudo neman ƙarin kwana sai aka sa ɗan sanda farautarsu, kuma hukuma ba ta kiran abin kisa, wai ritaya aka yi musu. A ƙarshe shugabansu Roy ne ya cafke hannun mai farautar tasa lokacin da zai faɗo daga bene. To wane ne mutum a cikinsu?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne A.I. na Steven Spielberg, 2001. Wasu ma'aurata da ɗansu ke kwance ba lafiya suka karɓi yaron inji mai suna David, wanda aka ƙera don ya so uwa. Da ɗan cikinsu ya warke, zama ya gagara, matar ta kai David daji ta bar shi yana roƙonta.

Mu mazauna kudu ai bai kamata a fassara mana wannan ba. Mutum ya shekara 20 yana gadin gida, ba a taɓa tambayar sunansa ba, aboki kawai. Kuma kafin mu yi ta ƙorafi, mu leƙa gidajenmu: yarinyar aikin da aka kawo daga ƙauye, a ina take kwana, kuma ragowar wa take ci?

Na tura wa Alhaji fim ɗin David a waya. Lahadi mai zuwa zan tambaye shi ko ya iya kallon wurin dajin nan har ƙarshe.