Inuwar giginya muke dasawa?

Babu mai hankalin da zai yi jayayya da dashen itace a ƙasar da hamada ke ci. Tun 1975 muke dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, kuma a Maraɗi, cikin 1984, aka ɗauki alkawarin yaƙi da gurgusowar hamada. Tambayar da mahukunta ba su son ji ita ce: idan itacen ya girma, wa zai zauna a inuwarsa?

Mu dubi Yamai. Daga 1965 aka soma kewaye birnin da dajin dogon yaro da turare, fiye da hekta dubu biyu, don ya tare iska da ƙura. Talakawan da fari ya koro daga ƙauyuka suka kafa bukkoki a ciki. Cikin 2008 aka tashe su da sunan ceton daji. Bukkoki sun tafi, amma dajin bai tsira ba: yankan fegi ya ci gaba, gidajen siminti suka tsaya inda itatuwa suke. Ashe ba bukkar zana ce babbar abokiyar gabar itace ba.

Haka cikin 2016, sa'ad da ake gyaran babban birni gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019, katafila ta bi rumfuna da shagunan bakin titi. Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, kowane gari ya ga gyara, kuma ƴan tireda sun san abin da kalmar ke nufi.

Akwai kuma korar da ba ta bukatar katafila. Da zarar an shimfiɗa lambu aka ja fitilu, fili ya yi daraja. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci su kwashe kayansu zuwa bayan gari, inda babu famfo, kuɗin kabu-kabu kuma ya cinye albashi. Dokar 1961 kan karɓe fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta tanadi diyya kafin tashi. To, wace doka ce ke kāre ɗan hayar da tsada ta kora?

Ga abin da muke nema daga magadan gari. Na farko, a ƙidaya mazauna unguwa, masu gida da ƴan haya, tun kafin a bayyana aikin, domin dillalai kan riga talaka jin labari. Na biyu, wanda ya daɗe a wuri a ba shi takardar mallaka kafin a dasa itace ko ɗaya. Na uku, a dakatar da yankan fegi kewaye da wurin, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka bai wa filaye a ƙofar ma'aikata. Na huɗu, a keɓe wa masu tebur da mai shayi rumfuna a gefen lambun bisa haya mai sauƙi, a ɗauki samarin unguwa aikin ban ruwa da gadi.

Wanda ya san ba za a tashe shi ba shi ke shayar da itace a watan Afrilu. Wanda ke jiran katafila kuwa, iccen girki kawai yake gani. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Ƴan majalisar gari su zaɓi irin itacen da za su dasa mana, mu kuma za mu tuna ranar zaɓe.