Ra'ayinmu: Kada kiɗa ya cinye lokacin kasuwa

A Disamban 2024 gwamnatin Nijar ta dakatar da BBC wata uku, a Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru. Duk gidan rediyo mai zaman kansa da ke ɗauko shirye-shiryensu ya samu giɓi, kuma hanya mafi arha ta cike shi ita ce sakin waƙoƙin fim.

Ba mu ƙin kiɗa. Amma fatake na Ƙonni da Illela, na Ɗan Isa da Jibiya, su ke biyan kuɗin talla. Canjin naira da sefa, farashin buhun wake, halin hanya, su suke son ji kafin su yi lodi. A ba su rabin awa bayan asuba, a hannun mai gabatarwa da ya san jaka da dala.