Rashin haihuwa: Kafin a ɗora wa mace laifi, a gwada namiji

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya karɓar dilar shadda sai ya buɗe ya duba. Amma idan aka zo maganar haihuwa, maza da yawa a Kano sun fi yarda da mai tallan “maganin maza” da lasifika a bakin titi fiye da gwajin asibiti. Aure ya shekara biyu babu ciki, sai idon dangi ya koma kan amarya, wani lokaci har a fara zancen kishiya ko saki.

Kuskuren shi ne ɗaukar kuzarin namiji a matsayin shaidar haihuwa, alhali abu biyu ne daban. ’Ya’yan maraina ne ke samar da ƙwayoyin haihuwa, kuma kowace ƙwaya na ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ta nuna. Aikin yana buƙatar yanayin da bai kai zafin jiki ba, shi ya sa maraina suke a waje. Mafi yawan ruwan maniyyi kuwa daga wasu sassa da ke kusa da mafitsara yake fitowa. Don haka namiji na iya biyan buƙatar iyalinsa daidai, amma ƙwayoyinsa su yi ƙaranci ko su kasa motsi, kuma ido ba ya ganin haka.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a rayuwarsa. Likitoci sun ce a kusan rabin ma’auratan da abin ya shafa, akwai matsala a ɓangaren miji. Cikin dalilan akwai ciwon sanyin da ba a magance ba, wanda kan toshe hanyar ƙwayoyin, da hangum bayan balaga, da kumburin jijiyoyin maraina, da shan sigari. Wasu daga cikinsu ana iya magance su.

Jiƙon da ake sayarwa a gora ba ya gyara ko ɗaya. Wasu ma ana cakuɗa su da sinadarin Viagra, wanda ke da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya. Raunin mazakuta shi kansa sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini.

Idan aka shekara ɗaya ana tare babu ciki, ya kamata miji da mata su je asibiti tare. Gwajin maniyyi ba tiyata ba ne, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi. Akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ya dace shugabannin kasuwar da limamai su riƙa faɗa wa maza wannan a fili. Haihuwa ta Allah ce, amma hakan bai halatta a hukunta mace kan abin da ba a bincika ba.