Rediyon LoRa na cin dogon zango, amma wayoyi takwas ke yanke hukunci

A watan Afrilun 2020 wasu masu sha'awar harkar rediyo a ƙasar Holan suka saki balan-balan ɗauke da wata 'yar na'ura. Da ta lula sama kimanin kilomita 38, sai wata tasha da ke kan dutse a Jamhuriyar Cek ta kama saƙonta daga nisan kilomita 832. Ƙarfin da ta yi aiki da shi miliwat 25 ne kacal, bai kai na ƙaramar tocila ba. Sunan fasahar LoRa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ne ya ƙirƙiro ta a Grenoble ta Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012.

Irin wannan labari ne ke jan ɗalibi ya sayo guntayen rediyon guda biyu, ya jona su da allon Arduino, ya zauna jiran abin mamaki. Sau da yawa shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Daga nan sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi, a ce jabu ya sayar. Galibi kuwa kayan lafiyarsu lau. Hannun da ya haɗa su ne ya yi gaggawa.

Matsalar farko ta wuta ce. Allon Arduino Uno, wanda kusan kowane mai koyo ke farawa da shi, da volt 5 yake magana. Guntun rediyo irin su Ra-02 da RFM95 kuwa volt 3.3 suka sani. Wanda ya jona su kai tsaye, tamkar ya ɗura wa jariri tuwo ne: wani guntun zai daure na kwanaki, wani nan take zai mutu. Ko an kauce wa wannan, akwai tarko na biyu. Ƙafar volt 3.3 ta Uno miliyamfa 50 aka ƙayyade mata, rediyon kuwa idan ya buɗe murya gaba ɗaya yana jan kusan 120. Shi ya sa na'ura kan tashi lafiya, da zarar ta fara aika saƙo sai ta sume. Mai son kwanciyar hankali ya nemi allon ESP32 ko Raspberry Pi Pico, tunda su ma da volt 3.3 suke aiki. In kuma dole sai Uno, to a sa abin rage ƙarfi a tsakani, a ba rediyon wutarsa daban.

Wayoyin da za a jona takwas ne: biyu na wuta, huɗu na hira tsakanin allo da rediyo, ɗaya na tayar da shi daga farko, ɗaya kuma wanda yake taɓa allon da shi idan saƙo ya iso. Musanya biyu kawai ya isa komai ya tsaya cik. Ga wani ƙaramin abin haushi kuma: tazarar ƙafafun Ra-02 milimita 2 ce, ta allon gwaji mai ramuka 2.54, don haka ba ya zama sai an yi liƙi da dalma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano, ya ga yadda yake ɗora ɗigon dalma a inda ido da ƙyar ke gani, ya san wannan hannun ba ya ƙaranci a Arewa.

Sai eriya, wadda aka fi rainawa. Guntun waya miƙaƙƙe ya wadatar, muddin tsawonsa ya dace da zangon mitar rediyon: kusan santimita 17 ga megahaz 433, kusan 8 da rabi ga 868. Kunna rediyo ya yi aike babu eriya na iya ƙona shi. Kuma guntun 433 ba zai taɓa jin na 868 ba ko da suna kan tebur ɗaya. Turai na amfani da 868, Amurka 915, a Najeriya kuma hukumar NCC ce ke kula da zangon sadarwa, don haka a duba ƙa'idarta kafin a yi oda. A wani sashe na zangon Turai, na'ura ba ta wuce daƙiƙa 36 tana aike a cikin awa guda.

Masu cewa wahalar ba ta da amfani suna da hujja. LoRa ba ta dace da ɗaukar murya ko hoto ba. Saƙo ɗaya bai wuce haruffa 255 ba, kuma idan aka saita ta don nisa, tafiyar hawainiya take yi. Balan-balan ɗin can ya yi nasara ne don babu abin da ya tare shi. A cikin gari, tsakanin benaye da rufin kwano, kilomita ɗaya zuwa uku ma an gode. Ga kuma guntun SIM800L, wanda ɗalibai suka saba sa wa layi ya turo saƙon tes.

Sai dai SIM800L na buƙatar sabis, da kati, da layin da aka yi wa rajista, kuma yakan fizgi wuta har amfa 2 a lokaci guda. Tankin rijiyar burtsatse da ke bayan gari ba hoto zai turo ba. Abin da mai shi ke son ji kawai ya cika ko saura. Haka danshin ƙasa a gonar rani, haka zafin ɗakin kaji. Lamba ɗaya ce duk bayan minti goma, tsakanin nan na'ura ta yi barci, batir ya daɗe. A irin wannan aiki malaman kwalejojin kimiyya da fasaha sun makara wajen sa LoRa cikin ayyukan kammala karatu.

Wanda liƙi ke ba shi tsoro ma yana da mafita. Kamfanonin Heltec da LilyGO na ƙasar Sin suna sayar da alluna da aka riga aka haɗa ESP32 da rediyon wuri ɗaya. A kansu ake ɗora manhajar Meshtastic, wadda Kevin Hester ya fara a 2020, inda wayoyin hannu ke aika wa juna rubutu ta rediyon, kowace na'ura tana miƙa wa ta gaba. Idan aka ɗaure ɗaya a kan doguwar gora saman rufi, nan da nan za a ga ta ninka nisan wadda aka bari a aljihu.